Koren da Takarda Ta Shanye

Ku rage surutu ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ruwan nan ba yanzu zai ɗauke ba, babu inda za ku. Abin da zan faɗa a gidan nan aka yi shi, a ɗakin nan da kuke zaune, kuma ban taɓa ba da shi daga farko har ƙarshe ba sai yau.

Jiya jikata Hauwa, mai haɗa turaren wuta, ta shigo a jiƙe, ranta a ɓace. Ta dire mini kwalba da jakar takarda a cinya. Ta ce, "Kaka, dubi abin da mutumin nan mai buga takarda ya yi mini. Kala ɗaya na zaɓa, lamba ɗaya na ba shi. Na jikin kwalba ya fito ja jawur, na jikin jaka kamar tsohon zane." Na shafa takardar da ke manne a kwalbar, na ji santsi. Na shafa jakar, na ji kaushi. Na kai ta hancina. Warin sabuwar tawada ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga ni na koma shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar marka.

Malam, mai gidan nan, Allah ya jiƙansa, sana'arsa buga takardu. Shagon da ke gaban gida, inda mai cajin waya yake yanzu, nan injinsa yake. Ƙofa ɗaya ce tsakanin shagon da tsakar gida. Shekara talatin da 'yan kai ina jin ƙarar injin nan ta bango, har na san kukansa in lafiya yake da kukansa in takarda ta shaƙe shi, amma ban taɓa tsayawa a kansa ba. Nawa in miƙa abinci ta ƙofa, in karɓi kwano.

Yana da wasu littattafai biyu na kala, dogaye sirara, an haɗe gindin kowanne da ƙusa ɗaya, ana buɗe su kamar mafici. Kowane ganye da kalarsa, da lambarsa, da ƙananan rubutu a ƙasa masu faɗin yadda za a auna tawada a haɗa ta. Ɗaya littafin ganyensa mai sheƙi ne, ɗayan ba shi da sheƙi. A baƙar leda yake naɗe su, ya sa a durowa, don kada rana ta ci su. Ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba.

Shekara biyu kafin wannan daminar, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni na fara ganewa, ranar da ya ɗauki hula ruwan toka ya ce in ba shi 'yar'uwarta, wannan farar ta yi datti. Na miƙa masa wata. Injin a hannunsa yake, ko a duhu zai iya tada shi. Baƙi a kan fari bai gagare shi ba. Kala ce ta fara guje masa.

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, Babangida muke ce masa, ya daɗe yana matsa wa ubansa. "Baba, a sayar da ƙarfen nan ku koma Rigachikun. Ga fili, ga iska, ga gona a bakin ƙofa." Wata rana Malam ya gaji, ya ce masa a gabana, "Ranar da na kasa bambance kala da kala, ka zo da mai saye, ba zan yi maka musu ba." Malam ba ya magana biyu. Duk mun san haka, shi ma ya sani.

Ana saura kwana biyu a kama azumi Malam Yahuza ya kawo aiki. Ma'aikacin gwamnati ne daga Unguwar Sarki, shi ke riƙe da takardun wata Islamiyya ta matan aure, kuma matan za su yi saukar Alƙur'ani bayan salla. Abu biyu yake so: bangon littafin taro a kan kati mai sheƙi, da takardar shaida a kan wata takarda mai kauri, mara sheƙi, da ya sa aka zo masa da ita daga Legas. Duka biyun da zanen kore a gefe. Ina bayan ƙofa ina tankaɗe na ji ya ce, "Malam, wannan koren nake so, irin na hijabin makarantar. Na littafi da na shaida su zama uwa ɗaya uba ɗaya, don a hannu ɗaya za su riƙe su a ɗauki hoto." A littafi mai sheƙi ya nuna. Takardar shaidar kuwa ta isa a yi aikin sau biyu, ba ta isa sau uku ba, kuma babu irinta a Kaduna.

Aka kama azumi, sama ta rufe. Marka ba ruwan tsawa ba ce da zai zuba ya wuce. Yayyafi ne siriri, ya wuni, ya kwana, ya sake wuni. Bango ya yi gumi. Gishiri ya narke a roba, ashana ta ƙi kamawa, wankin da na shanya a igiya ya yi kwana huɗu yana warin ruma. Layinmu na Unguwar Kanawa ya koma taɓo, kwata ta cika ta dawo bakin ƙofa.

Malam ya buga katin. Ya buga takardar shaida, duka. Sai rufin shago ya fara yoyo a wuri uku, tawada kuma ba ta bushe ba, ba halin a tara takardun a kan juna. Ya buɗe ƙofar nan ya ce, "Dije, zo ki kama mini." Muka yi ta jigila. Muka baje su a kan gado, a kan tabarma, a kan adaka, a kan buhun masara, har kan kwanukan jerena. Muka bar siririyar hanya daga ƙofa zuwa inda muke salla.

Ranar na fara ganin aikinsa biyu a gefen juna. Na daɗe ina dubawa. Sannan na ce, "Malam, dama ba so ake su zama iri ɗaya ba?"

Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Na katin kore ne shar, kamar alayyafon da aka tsinko da safe. Na takardar nan kuwa kamar miyar kukar da ta kwana."

Ya taso mini. "Ke da ba ki san alif ba za ki koya mini kala? Na san takardar nan tana shan tawada. Na gyara haɗin, na duba da idona."

Ya ɗauki ɗaya-ɗaya ya fita bakin baranda. Ya kai su kusa da hancinsa, ya nesanta su, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Yayyafi na dukan ƙafarsa. Sai ya zauna a kan turmi, ya ce a hankali, "Dukansu ruwan ƙasa nake gani, Dije."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ba mu yi maganar Rigachikun ba, amma tana zaune tsakaninmu.

Ni 'yar marina ce. Mahaifina a Zariya yake rini, a bakin rijiyoyin rini na yi wayo. Na san zane biyu za su fito daga rijiya ɗaya, a kai ɗaya mabuga a daka shi ya yi sheƙi, a bar ɗaya haka nan, ka rantse ba ruwa ɗaya suka sha ba. Na faɗa masa haka. Ya ce takarda ma haka take: mai sheƙi tana riƙe tawada a bisa fuskarta, haske ya dake ta ya dawo, mara sheƙi kuwa shanyewa take yi, kalar ta kwanta ta yi dishi-dishi. Shi ya sa littafin ya zama biyu. Ya ce lamba ɗaya a littafin nan da littafin can tawada ɗaya ce, amma ba kala ɗaya ido zai gani ba. In ana son su yi kama, sai a ajiye lamba, a nemi ganyen da ya yi daidai a wancan littafin, komai nisan lambarsa. Wannan kuma aikin ido ne.

Ya tashi ya shiga shago. Ya fito da baƙar ledar, ya ɗora mini a hannu.

Daga ranar muka kulle gida. Ba ma son kowa ya shigo ya ga abin da ya lalace, ya tambaya, magana ta kai kunnen Babangida. Maƙwabta su ƙwanƙwasa mu tafi tafsiri, in ce daga bayan ƙofa kaina ke ciwo. Ƙarya da azumi a baki, har yau tana yi mini nauyi. Girki ma ya zama wahala. Itace a jiƙe, in na hura sai hayaƙi ya cika gida, kunkunniya ta sauka a kan takarda. Malam ya ce a bari. Rana ɗaya cikin biyu nake dafa kunu can ƙuryar tsakar gida, in iska ta juya waje. Sauran ranaku dabino, da garin rogo da ƙuli, da ruwa. Ana kusa da shan ruwa ƙamshin ƙosan maƙwabta zai tsallako katanga, in kalli kaskona a kife. Warin tawada da na kananzir suka shiga komai, har ruwan randa. Barci a zaune, a jingine da bango, don gado takarda ta cinye shi.

Haske ma sai an yi dakonsa. Malam ya ce ba a duba kala da ƙwan lantarki, ba a duba ta da fitila, sai da hasken Allah. Hasken Allah kuwa a markar nan da hantsi kawai yake leƙowa, ɗan lokaci, fari-fari kamar ruwan tsaki. In ya zo sai in zauna a bakin ƙofa, katin a cinyata, in yi ta buɗe littafi mara sheƙi ganye bayan ganye, ina karawa. Lambobin ba su ruɗe ni ba tunda ban san su ba. Rana ta uku na samu wanda ya kwanta kusa da koren katin har idona ya daina tsalle tsakaninsu. Na ce, "Ga shi."

Sai muka tsaya cik. Yadda za a haɗa shi yana rubuce a ƙarƙashin ganyen, ƙanana kamar ƙwayar gero. Shi ya iya karatu, ba ya gani. Ni ina gani, ban iya karatu ba. Muka kalli juna, har sai da ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

Na ɗauko gawayi da bayan takardar da ta lalace. Na ce zan zana masa yadda nake zana lalle. Na yi ta kwaikwayon abin da na gani, kowanne girman tafin hannu, yana kai fuskarsa kusa.

"Wannan kamar ƙwai biyu, ɗaya a kan ɗaya."

"Takwas ke nan. Ci gaba."

"Wannan kamar lauje."

"Lauje mai gindi ko mara gindi?"

"Yana zaune a kan tabarma."

"Biyu ne. Kai, Dije, da an sa ki a makaranta da mun shiga uku."

Haka muka yi da sikeli ma. Shi yana ɗebo tawada da wuƙarsa, shuɗi da rawaya da ɗan fari, ni ina kallon lambar sikeli ina karawa da zanena, in ce ƙara, in ce tsaya. Ya murje su a kan gilashi har suka zama abu ɗaya. Ya dangwala da yatsa, ya bubbuga siriri a gefen lalatacciyar takarda. Na kara da katin. Kore shar, ba bambanci. Na ce, "Malam, ya yi! A buga."

Ya zuba tawada a inji, ya jera ragowar takardar, ta ƙarshe. Yana kai hannu zai tayar, aka ɗauke wuta. Janareta kuma ruwa ya shige shi tun farkon mako. Malam ya buga ƙafa, ya yi ta salati. Muka wuni muna jiran wuta, ba ta zo ba.

Washegari da hantsi na ɗauko gwajin nan don in ƙara jin daɗi. Takarda ta sha abinta cikin dare, koren ya kwanta, ya yi duhu. Ni da na tashi ina ganin mahaifina ba ya yanke wa zane hukunci sai ya bushe a rana, ni ce na yaba kala tana jiƙe. Da wutar nan ta ƙara minti biyar, da na ƙone takardar mutane da bakina, na kai mijina Rigachikun da hannuna. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To. A sake."

Kowane gwaji sai ya kwana biyu kafin ya faɗi gaskiyarsa, saboda laimar da ke gari. Mu rage shuɗi, mu jira. Mu ƙara rawaya, mu jira. Azumi na tafiya, an shiga goman ƙarshe, Malam Yahuza ya aiko sau biyu, don malamar makarantar tana son ta rubuta sunaye da hannu kafin salla. Ba abin da muke yi sai kallon 'yan ɗigon kore suna bushewa, da sauraron ruwa a kwano. Na rame har zobena ya fita da kansa.

Gwaji na huɗu ya tsaya. Ya bushe ƙarau, na kara shi da katin da hantsi, na sake karawa da azahar, bai motsa ba. Amma a jiƙe ya fi katin haske, har ka ce kuskure ne. Na ce wa Malam ya dangwala mini sabo a wata takarda, in riƙe jiƙaƙƙe in auna jiƙaƙƙe da shi. Ranar da wuta ta zo, na tsallaka ƙofar nan na shiga shago. Na tsaya a bakin inji inda takarda ke fitowa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. In ce, "Ya yi nauyi," ya murɗa ya rage. In ce, "Ya yi sanyi," ya ƙara. Muka gama kafin la'asar.

Ranar ashirin da shida Malam Yahuza ya zo karɓa. Babangida ma ya zo da buhun shinkafar salla, suka haɗu a shago, ruwa ya ɓarke ya tsare su duka. Na koma bayan ƙofata. Malam Yahuza ya buɗe ƙunshi, ya kara da katin, ya ce, "Masha Allah. Hannu na nan, Malam." Sai idonsa ya kai kan wata takarda da muka rufe ƙunshin da ita don laima, ɗaya daga cikin na farko. Ya ɗaga ta da sabuwar, ɗaya a kowane hannu. Ba da wata manufa ba, ya ce, "A'a, wannan fa? Wacce ce tawa a ciki?"

Ina leƙe ta tsagar ƙofa. Malam ya karɓe su. Takarda iri ɗaya, zane iri ɗaya, yatsa ba zai faɗa masa komai ba. Da ya ga dama da ya nuna ɗaya ya dogara ga sa'a. Babangida ya zuba masa ido. Ruwa na dukan kwano kamar ana sheƙa tsakuwa.

Malam ya ajiye su a kan tebur. Ya ce, "Yahuza, ina azumi, ba zan yi maka canke ba. Ban gani. Na yi shekara biyu ban ga kore ba. Wadda ta gani tana bayan ƙofar nan."

Can Malam Yahuza ya juyo wajen ƙofa, ya ɗan rusuna, ya ɗaga takardun. Ya ce, "Inna, barka da ibada. Wacce ce?"

Na ce, "Ta hannun damanka, ɗan nan. Ta hagu ka ba ni in rufe tulu."

Malam ya juya wajen ɗansa. Ya ce, "Ka ji da kunnenka. Na yi maka alkawari. Ka zo da mai saye."

Babangida ya tako ya tura ƙofar, ya gan ni, ya ga hannuwana kore har wuyan hannu, ya ga gadon uwarsa da takarda a kai. Ya ce, "Baba, cewa ka yi ranar da aka kasa bambance kala. Ni ban ga an kasa a gidan nan ba." Ya ɗauki buhun shinkafarsa ya wuce madafa, ya tsuguna yana hura mini jiƙaƙƙen itacen nan da bakinsa. Ranar muka sha ruwa da abinci mai zafi.

Malam Yahuza ya ci gaba da kawo aiki, kuma duk wanda ya kawo sai ya ce, "A nuna wa Inna." Ya yi ritaya, yana nan Unguwar Sarki, ƙafa ta hana shi fita. Babangida shi ya kai ubansa asibitin ido bayan babbar salla. Aka yi wa ido ɗaya aiki ya buɗe, ɗayan ya riga ya tafi. Duk da haka Malam bai ƙara zuba kala a inji ba sai na duba. Ya yi shekara shida a haka, ya rasu da bazara, bai kwana a Rigachikun ko sau ɗaya ba. Injin, wani mutumin Kano ya zo da mota ya ɗauka, sai da aka fasa bangon shago kafin ya fita. Babangida shi ne yanzu a Rigachikun, yana noman masara, kullum yana kirana in koma, ina ce masa sai damina ta wuce.

Littattafan biyu jiya na ciro su daga baƙar leda na ba Hauwa. Sun tsufa, gefensu ya yi rawaya, na ce ta nuna wa mutumin don ya gane abin da take nufi, ya buɗe nasa sababbi. Na ce ya bar lamba ya sa ido, ita kuma kada ta ce ya yi sai jakar ta kwana biyu.

Ni kuwa ga ni inda kuka same ni. Har yau ban iya karanta sunana ba, amma na san ɗaya zuwa tara, kowacce da kamanninta. A ƙasan adakar can akwai takardar shaida ɗaya da Malam Yahuza ya zaro daga ƙunshi ya miƙo mini ta ƙofa, wurin sunan babu komai. Duk marka nakan ciro ta da hantsi in duba. Koren na nan yadda na bar shi.